Marowacin da Ya Hana Rigarsa Shan Rana

A wani gari, tun da can, an yi wani marowaci mai babbar riga fara ƙal. Ba ya sa ta, ba ya ba da aronta, kullum tana kulle a adaka.

Ana tsakiyar damina aka yi masa jika. Ya ɗauko rigar don zuwa suna, sai ya tarar fumfuna ta yi mata ɗigo-ɗigo.

Matarsa Kande ta goga wa rigar lemun tsami da gishiri, ta wanke. Ta ce, "Malam, saura shanya. Rana ce maganin fumfuna."

Ya ce, "Maƙwabta su gani su zo aro? Ranar dai ta shigo ɗaki."

Ya fita tsakar gida da ƙwarya, ya tari rana, ya rufe da faifai, ya ruga ɗaki ya juye a kan jiƙaƙƙiyar rigar. Bai ga komai ba. Ya ce ƙwaryar ce ke yoyo, ya koma da tulu.

Kande ta ce, "Malam, a shanya."

Ya ce, "Su gani su zo aro?"

Ran suna rigar ta yi kore shar, haka ya saka ta ya fita. Awakin unguwa suka zaci ciyawa ce, suka bi shi suna figa. Kafin ya isa, daga shi sai wuyan riga.

Maƙwabcinsa ya dube shi da tausayi ya ce, "Haba Malam, in ba ka da riga, ai sai ka zo aro."