Ragayar Mutum Biyu

Nasrullahi gajere ne, amma duk abin da zai saya sai ya fi shi girma. Takalminsa ma sai ya cusa tsumma. Ni Mode na sha yi masa tsiya a kan haka tun muna samari a Boyekai, ban san halin ne zai ci shi ba.

A ranin da matarsa Mahbuba ta samu ciki bayan shekaru suna jira, ɓarayi suka addabi fadama da satar injin ban ruwa. Dole mai albasa ya kwana a gona. Ƙasa kuwa danshi, ga kububuwa. Sai na raka Nasrullahi kasuwar Goronyo neman ragayar kwana, irin wadda ake ɗaurawa tsakanin itace biyu mutum ya kwanta a ciki.

Mai sayarwar, Baba Ismail, tsohon masunci ne. Ya auna Nasrullahi da kamu daga kai zuwa ƙafa, ya ƙara kaɗan, ya miƙa masa ƙarama. Gogan naka ya ture ta, ya nuna ta mutum biyu. Wai in an kwashe albasa zai kai ta gida, mai jego da jariri su riƙa shan iska.

"Mi za ka yi da sauran wurin, ɗana?" in ji tsohon. "Bakin ruwa ba a shimfiɗa abin da yaf fi mutum. Wanda yab bar wuri, baƙo yak kira."

Nasrullahi ya yi dariya. Ni ma na taya shi.

Abin da ya biyo baya daga bakinsa na ji. Da yamma ya ɗaura ragayar tsakanin darbejiya biyu a gefen gonarsa. Ya yi sallar magariba, ya hau, ya nutse a tsakiya, ƙyalle ya rage hagu da dama. Kwaɗi suna ta kuka. Iska na kawo warin albasa da na laka. Yana lissafin ragon suna a ransa.

Sai kwaɗin suka yi tsit.

Igiyar wajen ƙafarsa ta yi ƙara. Ta wajen kai ma ta amsa. Ragayar ta yi ƙasa a hankali ta ɓangaren hagu, kamar yadda gado ke yi in wani ya zauna.

Ya gangara, kafaɗarsa ta jingina da wani abu. Abin da sanyi, kuma a jiƙe. Ƙarnin kifi ya cika masa hanci.

Ya buɗe ido. Babu kowa. Sai lotsawar ƙyalle, doguwa, ta wuce ƙafarsa nesa.

Ya fara ayatul kursiyyu. Numfashi ya sauka a kunnensa.

"Na gode," aka ce a hankali. "Na daɗe tsaye."

Bai san yadda ya faɗo ba. Ya bar inji, ya bar takalmi, ya keta albasar mutane har gida. Ya tsaya a ƙofar ɗaki yana haki. Mahbuba ta riga ta kwanta, fuskarta ga bango, cikinta ya yi nauyi. Ya fara hamdala a zuci.

Sai ta yi magana cikin magagi.

"Malam, matsa can. Kana danne min ciki. Mi yas sa jikinka sanyi haka?"

Shi kuwa yana bakin ƙofa. Yana kallon katifar tana lotsawa a bayanta.

Ya ce bai taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kuma ba don kansa ba. Ya juya ya koma fadama da gudun da ya zo da shi. Ya hau ragayar, ya matsa gefe guda, ya bar wuri. Ba a jima ba igiya ta yi ƙara.

Babu abin da ba mu gwada ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an yi saukar Alƙur'ani a gonar. Na koma wurin Baba Ismail na sayo ƙaramar, muka ƙona babbar. A yammacin nan aka ji Mahbuba tana ihu a gida, zaninta sharkaf da ruwan da ba a san inda ya fito ba. Da kaina na sake sayo masa ta mutum biyu, ina kuka a kan babur. An kwashe albasa, damina ta zo, ruwa ya cinye fadama, shi yana can ƙarƙashin rumfar leda. Ya rame, gemunsa ya yi fari. Ko da rana ba ya yarda ya taka gidansa.

Mahbuba ta haifi mace. Ranar suna na ƙunshe masa nama na sauka fadama kafin la'asar. Na same shi zaune a ragayar, ya takure a gefe ɗaya. Ya tambayi lafiyarsu da ido, na gyaɗa kai. Na buɗe baki zan faɗa masa sunan da aka raɗa mata, sai ya yi wuf ya toshe min baki da tafinsa.

"Kak ka hwaɗi," ya ce da raɗa. "Shina jinmu."

Yarinyar yanzu tana gudu, tana zuwa makarantar allo. Ubanta har yau bai san sunanta ba.