Busa Uku a Bakin Teku

Ranar Talata bayan faɗuwar rana, mutanen ƙauyen bakin teku suka ji busar katantanwa. Wata irin busa ce mai rawa, kamar saniya tana tari cikin tulu. Mata suka fara kuka, sun ɗauka sarkin ƙauye ya rasu, don da busa ake sanar da mutuwar sarki. Shi kuwa yana zaune yana shan yangona, jiƙon saiwar da suke sha a can.

Da safe aka kai ƙara caji ofis na garin Labasa: katantanwar busa ta haikalin Hindu ta ɓace. Sufeto Viliame Tora ya tafi da kansa.

Pandit Ashneel, sabon mai jan ibada, ya nuna Jope, direban motar 'yan yawon buɗe ido.

"Shi ne, yallaɓai. Ya kawo baƙi goma sha ɗaya, suna fita ta yi ƙafa. Motarsa ba za ta sake taka harabar nan ba."

"In ka hana ni haikali, me zan nuna musu?" in ji Jope. "Rake?"

"Daga nan ina ka kai su?"

"Bakin teku. Su kaɗai, ban ɗauki kowa ba."

Sufeto ya leƙa motar. Kujerar gaba tana warin man zafi na masu ciwon ƙirji.

A ƙauye ya tarar da wata dattijuwa, Mereani, tana shanya wanki.

"Sau nawa aka busa, Mama?"

"Uku. Namu masunta sau ɗaya suke ja, dogo. Wannan mai ƙirga numfashi ne."

A gindin wata bishiyar kwakwa Sufeto da Jope suka sami katantanwar. An wanke ta, an ɗora ta kan jan ƙyalle bisa dutse, ba ta taɓa yashi ba. Gefe ga sawun silifas biyu a jere, daga nan sai sawun ƙafa tsirara.

"Ɓarawo mai cire takalmi," in ji Sufeto. "Jope, wa ka ɗauka?"

Jope ya sosa ƙeya. "Kamfani ya hana rage hanya, yallaɓai. Amma tsoho ne, ga rana."

Tsohon shi ne Shiu Dayal, wanda ya yi shekara arba'in yana busa a haikalin, kafin kwamiti ya sallame shi don numfashinsa ya gaza. Suka same shi a bakin ƙofarsa da farar riga, kamar mai jiran mota.

"Jiya ban fita ba, ɗana."

"Baba, yashi a tsakanin yatsunka."

Tsohon ya daɗe yana kallon ƙafarsa.

"Wancan sabon yaron na haikali lasifika yake kunnawa maimakon busa, katantanwar tana ajiye bisa kanta tana shan ƙura. Cewa na yi bari in gani ko da saura a ƙirjin nan. Ku rabu da direban." Ya ɗago kai. "An ji ta har ƙauye?"

"Har kuka aka yi."

Ya yi murmushi, ya shiga motar 'yan sanda ba wanda ya riƙe shi. Jope ne ya rufe masa ƙofa.

Maƙwabciyar tsohon, Kusum, ta leƙo ta kan shinge.

"To in kun mayar da ita, wa zai busa?"