Shirun Abdulmalik

"Ka yi magana mana, Abdul..."

Murjanatu na tsaye a bakin get ɗin asibiti, waya manne da kunne. Numfashinsa kawai take ji.

"Kwana tara kana ɗauka kana min shiru. In ka fasa ne, faɗa min da bakinka, masoyi."

Ƙit, wayar ta mutu.

Sati biyu ke nan da kwantar da Abdulmalik a sashen masu korona, inda ko uwar da ta haifi mutum ba ta shiga. Ga ɗaurin aurensu saura kwana shida. Aisatu, 'yar kawunsa da ta daɗe da ƙyalla ido a kansa, ita ke kai abinci get, ita ke komawa unguwarsu Dutse Uku da labari. Wai ya ce Murjanatu ta je ta nemi wani mijin.

Wata nas mai suna Loyis ta fito karɓar kwanuka, ta tsaya nesa da takunkumi a fuska.

"Ke ne mai kiran gado na huɗu?"

"Ni ce. Ki ce masa na gode da wulaƙanci."

"Wane wulaƙanci? Ba su gaya miki ba? Ciwon ya sa jini ya daskare a kansa. Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ba ya fita. Da hagu yake lalubo wayan, yatsa ya zame ya kashe. Kullum ni ne ke share masa hawaye."

"Aisatu ta sani?"

"Ita na fara gaya wa."

Murjanatu ba ta san lokacin da ta tsare Keke Napep zuwa gida ba.

A zaure ta tarar da Baffa Hammawa, waliyyinta, ana ɗaure huhun goron da za a mayar. Ashe Aisatu ta riga ta, wannan karon da gaskiyar, don ta fi ƙaryar kaifi.

"Baffa, don Allah..."

"Ba zan ba ki rabin mutum ba. Ko 'na karɓa' ba zai iya cewa ba."

Ta durƙusa a gabansa.

"Baffa, aure nawa aka ɗaura a gabanka?"

"Sun fi gashin kanki."

"Wane ango ka taɓa jin ya buɗe baki? Ba wakili ke karɓa ba?"

Tsohon ya dube ta.

"Jinya fa ba hira a tsakar gida ba ce, Murja. Wataƙila ya tashi, wataƙila ba zai tashi ba."

"Na sani."

"Kuma shi? Wa ya ce yana so?"

Da la'asar suka je asibitin tare, Loyis ta turo gadon jikin taga ta baya. Abdulmalik ya rame, leɓensa ya ja gefe. Murjanatu ta toshe bakinta da mayafi.

Ta kira lambarsa, Loyis ta kara masa waya a kunne, Baffa ya karɓi ta Murjanatu.

"Abdulmalik, in kana kan bakanka, nuna min."

Abdulmalik ya ƙura musu ido ta taga.

Can hannun hagu ya fara ɗagowa a hankali, har ya miƙe.

Baffa ya yi gyaran murya, ya kau da kai.

"Ji ɗan banza... da hagu ake amsa wa suruki? Sauke, na gani."

Bai sauke ba sai da Murjanatu ta ɗaga nata.

Ranar Juma'a aka ɗaura, ango na kwance a gado na huɗu.