Kofin Da Aka Zuba Wa Kanwa

Suwaiba na tsugune a madafi tana fifita wuta, Inna ta miƙo hannu ko waiwaye babu.

"Ba ni kanwa, waken ga ya ƙi nuna."

Ta ɗauko kofin ta miƙa mata. Kofi ne mai hannu biyu, ruwan zinare, shi ta ciyo a tseren 'yan mata a Gusau. Ranar da ta shigo da shi gidansu na Tsafe Baba ya ce kada ya kuskura ya gan shi a falo, Inna kuwa da ba ta son asara ta mai da shi mazubin kanwa. A falon nan kuma lambar yayanta Lukuman ce rataye saman talabijin, ta na biyu a gasar ƙwallon unguwa! Ranar da ya kawo ta har kaji aka yanka.

Da la'asar Mannir ya yi sallama a zaure. Malamin firamare ne a Bungudu, a filin tsere suka haɗu, shi ke riƙe mata agogo in tana tirenin. An riga an sa musu rana. Yau kam kansa na ƙasa.

"Hajiyarmu ta ga bidiyonki a waya," ya ce. "Ta ce ɗiyar da ke gudu maza na tafi ba ta shiga gidanta. Ko ki bar zuwa zaɓen Gusau, ko a fasa."

Zaɓen da za a fitar da waɗanda za su wakilci jiha ke nan, wanda take ta yi wa shiri tun bara.

"Da hijabina fa nake gudu, Mannir! Kai an ce ka bar ƙwallo?"

"Ai ni namiji..."

"Ƙarasa mana! Sori za ka ce kuma?"

Ta shige gida hawaye na zuba, don ba ta taɓa zaton kalmar za ta fito daga bakinsa ba.

Baba bai ɓata lokaci ba. "Gudu dai? Mi anka taɓa samu a gudun mace? Ki zauna!"

Ta zauna. Ranar zaɓen tsintar wake ta wuni tana yi. Favour aka ɗauka, ƙawarta da ba ta taɓa ganin komai a fili ba sai bayan Suwaiba. Suwaiba ta kira ta ta yi mata murna da muryar dariya, ta kashe wayar, ta kifa kai a cinyar Inna ta yi kuka mai isarta. Tana son Mannir, tana kuma jin haushinsa, ta rasa wanda ya fi yawa.

Da biki ya matso, Hajiya Tambaya, mahaifiyar Mannir, ta tara manya ta kafa sharaɗi a gabansu: "In ta shigo Bungudu, ba inda za ta sa ƙafa sai da izinin mijinta. Kun shaida?" Kowa ya ce ya shaida. Mannir ma ya gyaɗa kai, har da sauri.

Bayan an watse da biki, wata safiya ya ajiye mata sababbin takalman kambas a gaban gado. Ta dube su, ta dube shi.

"Tashi, amarya. Na yi shiru lokacin da ba ni da ta cewa. Yanzu ina da ita."

Suna fito da babur suka ci karo da Hajiya a tsakar gida.

"Ina zuwa da sassafe haka?"

"Fili, Hajiya."

"Fili? Da izinin wa?"

Ya durƙusa har ƙasa. "Ke kinka ce sai da izinin mijinta, gaban manya. To na ba ta."

Hajiya ta juya ta shige ɗakinta. Ta daɗe ba ta cin abincin Suwaiba, gaisuwa ma da ka take amsawa. Suwaiba ba ta fasa kai tuwo ba, ba ta kuma fasa zuwa fili ba.

Sai dai ƙafa ta riga ta yi nauyi. Da zaɓe ya zagayo, da kyar ta zo ta uku, ita da ba ta san komai ba sai na ɗaya. An ɗauke ta dai, a kujerar ƙarshe. A hanyar komawa Mannir na ta murna, ita kuwa ta ce a hankali, "Lukuman bai taɓa neman izinin kowa ba."

Sai ya karkata babur ya nufi Tsafe, ya roƙi Inna kofin, ya juye mata kanwar a kwano. A gida ya zauna ya wanke shi da hannunsa, ya goge, ya ɗora saman talabijin ɗinsu. Hajiya ta leƙo ta gani, ta wuce ba ta ce a sauke ba.

Haƙuri ya biya Suwaiba, ta sami mijinta ta sami filinta. Amma iyaye, ku ji tsoron Allah: baiwar da Ya ba ɗiya mace ba abin kunya ba ce, kuma abin da kuka danne ba ya dawowa yadda yake. Kofin yana nan yana sheƙi daga waje. Cikinsa kuwa, kanwa ta riga ta cinye zinaren.