Matar da Ta Juya Tsingaro

Ƙarfe tara na safiyar Litinin aka kira Insfekta Hisham zuwa ɗakin bincike na wata jami'a ta ƙasar waje da ke kusa da unguwar Danau Kota. Wanda ya kira, Maitama, ɗalibin digirin digirgir ne daga Kano, mutum mai son a ce masa Dakta tun bai samu ba.

A kan tebur akwai gutsattsarin tukwane ɗari huɗu, masu jan zane a kan farar ƙasa, na mutanen Hohokam da suka zauna a hamadar Arizona fiye da shekara dubu da suka wuce. Aronsu aka yi daga Amurka. An zazzage su daga jakunkunansu, an gauraya, an kuma ɗauke rajistar da ke nuna zamanin kowanne. Ranar Alhamis Maitama zai kare aikinsa, kuma idan bai jera su a gaban masu jarrabawa ba, digiri da tallafin karatu duk sun tafi.

Insfekta ya duba ƙofa, ba a ɓalle ta ba. Ya duba tsingaron, ko ɗaya bai ƙara fashewa ba, kowanne an kwantar da shi a kan auduga. Ɓarawo dai ba ya irin wannan ladabi.

Maitama ya rantse shi kaɗai ya yi shekara uku yana tantance su. Insfekta ya miƙa masa guda biyar ya ce ya jera daga tsoho zuwa sabo. Gogan ya yi ta juya su yana zuba Turanci, gumi na tsattsafo masa duk da sanyin na'ura.

"Wa kuma ke da makulli?"

"Turai, matar wani ɗalibi. Tebur kawai take gogewa."

A kasuwar Chow Kit aka same ta tana cefane, aka kawo ta da ledar kifinta. Ta ce ita ba ta san komai ba, ƙura kawai take sharewa. Insfekta bai musa ba, ya miƙa mata tsingaro ɗaya ya ce ta riƙe masa.

Ko kallon zanen ba ta yi ba. Ta juya bayansa, ta shafa da babban yatsa, ta karkata shi wajen hasken taga.

"Me kike nema a baya, Madam?"

Ta ajiye ledar. Ta ce tsofaffin suna da tsaga a baya, ƙasarsu kuma tana ƙyalli a rana, na baya-bayan nan zanensu ya fi kauri. Ta jera biyar ɗin kafin Maitama ya gama goge fuska.

"Ni na gauraya su. Rajistar ma da hannuna na rubuta ta, jiya na ƙone ta."

Ta ce bizar rakiyar miji gare ta, ba ta da izinin aiki, shi ya sa sunanta bai shiga ko'ina ba. Shekara uku idanunta suna kan tsingaron nan. Da ta nemi Maitama ya sa sunanta ko da a shafin godiya, sai ya ce in ta sake tayar da maganar zai kai ta imigireshan. Ba ta yi nadama ba, kuma ba ta ɓoye hakan ba.

Insfekta ya rubuta, har da barazanar, ya ce wa 'yar sandar da ke tare da shi ta tafi da ita. Maitama ya tare ƙofa.

"Insfekta, boleh lah, ai zai yiwu, a bar ta awa biyu ta jera mini. Na janye ƙara. Hajiya Turai, don Allah."

Yau ne karo na farko da ya ce mata Hajiya. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta miƙa wa 'yar sandar hannuwanta.

"Mu tafi," in ji ta. "Ni mai goge tebur ce."