Sunan da Baraka Ba Ta Kama Ba

Gudun asali laifi ne, mai yin sa kuwa tun a nan duniya yake fara ganin sakayya.

Baraka na durƙushe a ƙofar gidan Honarabul Sharafaddeen a Illela, ƙwaryarta ta rabe biyu, kindirmo na bin ƙasa, mai gadi na tsaye a kanta yana daka tsawa: "Ke tsohuwa, ba a talla nan!" Ba talla ta zo ba, Allah sarki! Honarabul ɗin, ɗan majalisar jiha, ɗanta ne na fari, shi ta ɗauko wa kindirmon tun daga ƙauyensu Garu. Shanunta aka sayar ya yi karatu, ragowar aka sayar aka buga hotunansa a zaɓen farko. Sai dai Bafulatana ce mai kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa cewa "ɗana" gaban mutane ba, "yaron ga" kawai take cewa, shi kuma ya taso yana ce mata Adda, kamar wata yayarsa.

Ya fito cikin babbar riga da baƙinsa na Sakkwato, waɗanda ya daɗe yana gaya wa shi ɗan gidan malamai ne a Amarawa. Ɗaya ya ce, "Honarabul, wagga fa?" Sharafaddeen ya dube ta... ya san bakinta ba zai buɗe ba. Ya ce, "Wata mai nono ta. Ta saba zuwa roƙo."

Innalillahi! Baraka ta tsince sakainarta ta kama hanya, hawaye na jiƙa mayafi. Labari ya riga ta isa gida. A kasuwa abokan tallarta suka riƙa tsokana, "A ba uwar Honarabul hanya!" har ta daina fita, don abin kunyar da ya yi ita ce ta ɗauka a ka. Damina ta zo, ɗakinta ya zube, zazzaɓi ya kwantar da ita, ko leƙe bai aiko ba. Yayanta Yari ya ɗauki sanda zai tafi Illela, ta riƙe masa riga tana kuka: "Yaya, don Allah bar shi! Ya Rabbi ka shirya yaron ga, kar ka kama shi da hakkina..."

Da zaɓe ya zagayo, 'yan hamayya suka je Amarawa, malamai suka ce ba su san shi ba. Nan take 'yan kabu-kabu suka yaɗa ta: "To ɗan wa ne? Ko daga Konni ta Nijar ya ƙetaro?" A garin iyaka wannan magana kaɗai tana kayar da ɗan takara. Sai ga mota a Garu, sai ga Honarabul a durƙushe: "Adda, ki cece ni! Ki hau dandamali ki ce ke kinka haife ni, shi ke nan."

Ta je, domin uwa ce. Aka miƙa mata makirfo, jama'a cike da fili. Wallahi ta so ta faɗa! Ta ce, "Jama'a... yaron ga..." sai kunya ta rinjaye ta. Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ni mai nono ta. Haka ya ce, ni ko ban iya ƙaryata shi gaban mutane."

Mata suka fashe da kuka. Yari ya miƙe ya ɗaga murya: "Ɗanta ne! Shanunta ya ci ya hau kujera, sannan ya kira ta maroƙiya!"

Bayan zaɓe makiyayan Garu suka bi al'adarsu, kowa ya ɗaure mata karsana aro har karsanar ta haihu ta bar mata maraƙi, matasa suka tayar da ɗakin, masu tsokana suka zo neman gafara. Yau Baraka na tatsar shanunta.

Shi kuwa ya rasa kujera, ya rasa baƙin Sakkwato, ya rasa gaisuwar Garu da ta Amarawa, a Illela ko ɗan kabu-kabu ba ya tsaya masa. Ta yafe masa, amma ƙwaryar kindirmo ba ta sake zuwa ƙofarsa ba.