Guzan Kurmin Kakanmu

"Mi kay yi, Mudassir? Mi kay yi!"

Kamila ce ta ƙwalla ihun. Wani guza na kwance a kan yashin bakin gulbi, kansa a fashe, jelarsa na motsi. Mudassir, saurayinta da ya zo tun daga Tambuwal don ya ga kurmin, yana tsaye da sanda.

"Wurin ƙafarki fa ya nufo, rabin raina..."

"Rana shika sha! Wa ya ce ka taɓa shi?"

Mahaifinta, Malam Haliru, mai tsaron kurmin nan na ƙasar Kebbe, ya fito daga cikin itatuwan giginya. Ɗazu yake nuna wa baƙon birai da tsuntsayen ruwa yana murmushi. Da ya ga gawar, sai ya dafe kai.

"Yaro, kakana ya gudo zamanin yaƙi, ƙishirwa za ta kashe shi. Sawun guza ya bi har ya iske ruwan ga. Tun daga ranar, gidanmu ba mu kashe shi, ba mu cin shi. Ungo fartanyar ga ka rufe shi, in yafe maka."

Mudassir ya yi dariya. Dariyar ce ta fi sandar ciwo a zuciyar Kamila.

"Baba, jana'izar ƙadangare? Wannan ai camfi ne!"

"Ni kaka koya wa addini? Na ce bauta mashi mukai? Alheri aka yi muna, ba mu manta ba!"

"Mudassir, don Allah," in ji Kamila. "Rami ɗaya ne..."

"Wallahi ba ni yi! Abokaina su ji? Taho mu tafi, Kamila."

Ta dubi mahaifinta. Bai ce mata zauna ba, bai ce tafi ba. Ta dubi wanda ake shirin kawo sadakinsa bayan girbi. Ko sunkuyawa ya ƙi yi saboda tsohon da ya haife ta.

Ta fizge fartanyar daga hannun mahaifinta.

"Kama hanyarka tun da rana. Kada danginka su wahala zuwa gidanmu."

"Kamila! A kan guza?"

"A kan Babana."

Ta fara haƙa, hawaye na ɗiga a yashi. Babur ɗinsa ya daɗe yana ruri a bayanta, yana jira. Ba ta ɗago ba.